Ina Ya Fi Nauyi?

Masu turo min saƙo cewa na cika zargi, na gani. Wata ma ta rubuta cewa da ita ce ta samu namijin da zai saurari mace har ta kai ƙarshen maganarta, da tuni ta ja shi gida ta kulle ƙofa. Ki karanta na yau har ƙasa, 'yar uwa, sai ki sake rubuto min.

Ga waɗanda yau suka shigo. Na yi shekaru a waje ina karatun halayyar ɗan Adam. Da na dawo, na kama wani ɗan ɗaki a saman wani kantin magani. Kujeru biyu ne a ciki, da ƙaramin tebur a gefe, da kwalin tishu, da fanka mai ƙara. Benen na katako ne, kuma akwai wata matakala a daidai kwana da ke rawa idan aka taka ta. Na yi wa mai gidan magana har na gaji. Mutane suna hawowa su yi magana, ni kuma in saurara. Idan aka tambayi Umma aikina, cewa take likitar hira ce ni. Gwaggo kuwa, yayar mahaifina, cewa take an tura ni neman ilimi na dawo da kunne. Baturiya take kirana, kuma ba yabo ba ne.

Makarantar da na fito tana da nata ra'ayin. Ba ma kallon mutum kamar injin da ya lalace, a kwance shi a sake ɗaurawa. Mun yarda cewa duk wanda ya hawo benen nan yana ɗauke da abin da zai miƙe da shi, wurin ajiye kaya kawai ya rasa. Aikina in ba shi wurin. In kalli lamarinsa da idonsa, in karɓe shi yadda ya zo ba tare da sharaɗi ba, ba sai ya zama na kirki ba tukuna. Ba na ba da shawara, ko an roƙe ni. Kuma ba na yi wa mutum fuska biyu: abin da ke raina, idan ya shafe shi, sai na faɗa masa. Wannan na ƙarshen shi ya fi wuya.

Kalma ɗaya na hana kaina faɗa a ɗakin: haƙuri. Ba don kalmar ba ta da kyau ba. Na dai lura sau da yawa idan muka ce wa mutum ya yi haƙuri, nufinmu ya yi shiru mu huta. Duk wanda ya zo wurina ya riga ya sha ta a gida har ta gundure shi. Sai na nemi abin da zan riƙa faɗa a madadinta. Hausata ta ɗan yi tsatsa a lokacin, na yi ta juya kalmomi har na tsaya a kan wata tambaya da ban taɓa jin wani ya yi ba: "Ina ya fi nauyi?" Idan na yi ta, mutum yakan yi shiru, ya lalubi ƙirjinsa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi na gaskiya. Ban taɓa yin ta a gida ba. A gidanmu dariya za a yi, a ce ko dako na koma.

Ku riƙe wannan tambayar.

Gwaggo ce ta kawo maganarsa. Ta shigo wata rana da hantsi, ta zauna a kujerar da ta fi kowacce taushi, ta cire takalmi, ta sanar da Umma cewa ta samo min miji, kamar ba na falon. Ta ce yana da shagon gwajin ido da yanka gilashi, ba ya shan komai, ba ya yawo, mahaifinsa ya rasu. Na tambaye ta inda ta san shi. Ta ce wata mata ce mai mutunci ta yi mata maganarsa a layin ganin likita.

"Wace mata?"

"Ke dai Baturiya, komai sai kin bi diddigi. Miji aka ce miki, ba ɓarawo ba."

Umma ta kalle ni irin kallon da ke nufin ƙannen bayana duk sun yi aure, saura Auta, ita ma ni take jira. Na ce ya zo.

Ranar da zai zo, Umma ta sa aka cire ledar da ke rufe kujerun falo, abin da ba a yi wa masu neman aurena na baya ba. Auta ta shimfiɗa min leshi mai ruwan zuma a kan gado. Na ɗauke shi na sa atamfata shuɗiya da nake zuwa aiki da ita, da baƙin mayafi, ban shafa komai ba sai man leɓe. Ya zo da yamma cikin yadi mai launin toka, guga ta kama shi sosai, agogo mai baƙar fata, turare kaɗan. Siririn tabarau a fuskarsa. Tun daga taga Auta ta raɗa masa suna Mai Tabarau, sunan kuma ya bi shi.

Abu na farko da na lura: da ya zauna, ya kife wayarsa a kan tebur. Na biyu: idan na gama magana ba ya karɓa nan take, sai ya ɗan jira ko akwai saura. Waɗanda aka turo kafin shi, ɗaya tambayata ya yi ko zan iya karanta abin da ke zuciyarsa, ɗaya kuma ya ce bayan aure sai in riƙa sauraronsa shi kaɗai, ya yi dariya shi kaɗai. Wannan bai yi wasa da aikina ba. Ya tambayi abin da ke gajiyar da ni a cikinsa. Na tambaye shi ko ya san inda ofishina yake, ya ce a'a, kuma ba zai nema ba sai ranar da na gayyace shi da kaina, don wurin mutane ne masu son sirri.

Na ji daɗin amsar. Jin daɗin ne ya fara damuna.

Saƙonninsa ma haka. Wata rana na rubuta masa, "Yau na gaji." Kowa ya san amsar wannan: sannu, ki huta. Shi kuwa ya rubuto, "Gajiyar jiki, ko ta ɗaukar maganar mutane?" Auta tana leƙen wayar ta kafaɗata, ta dafe ƙirji ta zube a kan gado, ta ce idan ba na so in tura mata lambar. Na ce mata babu namijin da ya tashi a irin gidajenmu da ke magana haka sai in koya masa aka yi. Ta ce to sai me, ni ma ai koya min aka yi, har da kuɗin jirgi.

Amma na ci gaba da lura. Ya yi ta zuwa, makonni suna wucewa, bai taɓa katse ni ba, bai taɓa ce min ga abin da ya kamata in yi ba. Idan na ce ina son shiru, shi ma mai son shiru ne. Idan na soki wani abu, sai in tarar shi ma ya daɗe bai gamsu da abin ba. Na taɓa gwada shi: na yabi wani launin labule da na tsana, ya ce yana da kyau, bayan kwanaki na kushe launin, ya ce gaskiya ya cika haske. A shagonsa, in ji shi, yakan ɗora wa mutum gilashi bayan gilashi yana tambaya wanne ya fi, har sai mutum ya ce yawwa. Na fara jin kamar ni ce a kan kujerar.

Sai ranar da muka yi da Umma. A kan abinci ne, magana ta kai ga maganar aure, na ce a bar ni in yi tunani. Ta ajiye cokali ta ce, ba tare da ɗaga murya ba, "Kina sauraron duk duniya, ban da uwar da ta haife ki." Ta tashi ta shige ɗaki. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Da yamma Mai Tabarau ya zo. Ban yi niyyar gaya masa ba, amma ya ga fuskata ya yi shirun nan nasa, ni kuma na faɗa ciki. Na ba shi labarin duka. Na gama, ina jiran in ji ya ce in yi haƙuri, uwa ce. Wallahi da ya faɗa da na samu natsuwa.

Ya ɗan sunkuyo ya ce, "Ina ya fi nauyi?"

Na ɗago na kalle shi.

"A ina ka ji wannan?"

"Wanne?"

"Tambayar da ka yi yanzu."

Ya ce haka kawai ta zo masa, ko ya yi kuskure ne? Ya cire tabaraunsa, ya zaro wani ɗan ƙyalle kore mai jan ɗinki a gefe daga aljihun gaba, ya shiga gogewa a hankali, bai kalle ni ba. Na san ƙyallen. Ya taɓa ba ni ɗaya, ya ce wani tela ke ɗinka wa shagonsa su. Na ce kaina na ciwo. Ya tafi, ya bar lemonsa ko rabi bai sha ba.

Auta na fara tsarewa. Na rufe ƙofar ɗaki na tambaye ta me ta gaya masa a kaina. Ta rantse abin da ya haɗa su bai wuce gaisuwa ba, sai sau ɗaya da ya duba mata ido kyauta a tsakar gida. Na faɗa mata tambayar don in ga fuskarta. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Yaya, buhu ne?" Na cire ta daga lissafi.

Na kira Gwaggo na sake tambayarta matar layin likita. Ta ce ita ba ta riƙe sunan mutane, doguwa ce dai, mai hankali, ba irina ba. Na je wurin mai kantin maganin da ke ƙasana, na sa ta hau ta yi magana a ɗakin ni ina ƙasa. Ban ji komai ba sai ƙarar fanka. Ta sauko tana kallona kamar ni ce ke buƙatar kujerar.

Saura hanya ɗaya, wadda nake gudu tun farko. Kafin ranar da ya yi min ita, tambayar ba ta taɓa fita daga bakina ba sai a ɗakin nan. Ke nan wani daga cikin masu zuwa wurina ne ya kai masa ita.

Makon da ya biyo baya shi ne mafi muni da na yi a aikin nan. Mutum yana gabana yana amayar da abin da ke ransa, ni kuma ina laluben Mai Tabarau a cikin labarinsa. Mace ta ce yayanta, in ce ko shi ne. Saurayi ya ce maigidansa a shago, in kasa kunne in ji wane irin shago. Wani direba da ke zuwa saboda tsoron hanya tun bayan haɗarin da ya yi, ya tsaya a tsakiyar magana ya ce, "Malama, yau ba kya nan." Gaskiya ya faɗa. Na ba shi haƙuri, kalmar da na hana, ya kalle ni da mamaki.

Shi kuwa saƙonninsa ba su daina ba. "Na ga kin ja baya. Ba zan matsa miki ba, ina nan." Ko ni da aka ba takardar shaida a kan wannan ba zan tsara shi fiye da haka ba. Na bar saƙon a buɗe ban amsa ba.

Yanzu sai in gabatar muku da Hajiya. Na sauya abubuwan da za su sa a gane ta, sauran kuma da izininta nake faɗa. Yadda aka yi na samu izinin, wannan maganar wata rana ce. Tsohuwar shugabar makaranta ce, doguwa, mai tafiya a miƙe, kullum cikin farin mayafi mai kauri da jaka baƙa da ta ga shekaru. Ta fara zuwa tun kafin Gwaggo ta kawo maganar kowa. Rashin barci ya kawo ta bayan rasuwar mijinta. A hankali maganar ta bar mamacin ta koma kan ɗanta, wanda ba ta taɓa kira da komai ba sai yaron nan. Ba ta taɓa faɗin sana'arsa ba, ni kuma ba na tambayar abin da ba a kawo min ba.

Abin da ta gaya min a kansa cikin watanni shi ne wannan. Ubansa mutum ne da ba ya sakin fuska sai yaro ya zo na ɗaya. Yaron ya tashi yana karanta fuskar uban kafin ya buɗe baki, har ya ƙware. Ya girma ya zama duk abin da na gabansa ke so. Sau biyu ana sa masa rana. Yarinyar farko mai son fita ce, ya zama mai son fita. Ta biyu mai zaman gida da karatu ce, ya zama malami. Kowacce ta ɗauka ta samu wanda aka halitta dominta. Sai ana gab da biki ya wayi gari kamar an zare masa wani abu, ya janye, ba faɗa ba dalili. Ta biyun sai da ta kwanta asibiti. Hajiya takan ce ba mugu ba ne, shi kansa bai san wane ne shi ba. Ta kuma taɓa gaya min cewa ta gwada tambayata a kansa wata rana suna cin abinci, ya ajiye cokali ya fita, ya dawo idonsa ja wur.

Na ji duk wannan, na tausaya wa yaron da ban sani ba. A karatunmu irinsa ba baƙo ba ne: wanda aka so shi da sharaɗi tun yana ƙarami, har ya manta da nasa son. Ban taɓa haɗa shi da mai yadin toka da ke zama a falon Umma ba. Ku ce na yi wauta, ba zan musa ba.

Ranar zuwanta ta zo. Ta hawo a hankali, ta tsallake matakalar nan mai rawa kamar yadda ta saba, ta zauna, ta ɗora jakar a cinya. Ta ce yau ta yi barci, amma da magana a bakinta. Ta buɗe jakar ta ciro tabarau, sannan ta ciro ƙyalle kore mai jan ɗinki a gefe.

Na ce wa kaina shago ne, kowa na iya sayen tabarau a can. Na gyara zama.

Ta ce yaron nan ya sake samun yarinya. Mai ilimi ce, ba ta da yawan magana, ba a burge ta da mota ko sutura. Ta ce wannan karon ya zama mai sauraro. Yana zama a gida yana juya saƙo kafin ya tura, ya goge, ya sake. Ta ce tsoro take ji wa yarinyar.

Ta kalle ni, tana jiran in yi tambayata. Ina iya yin shiru in bar ta ta ci gaba, in kwashi duk abin da nake so in sani a kansa ba tare da ta san wa take gaya wa ba. Na yi tunanin haka, ba zan ɓoye muku ba. Amma wannan sata ce, kuma a kan kujerar da na ce ba a fuska biyu.

"Hajiya, dakata. Kafin ki ƙara kalma ɗaya, akwai abin da ya kamata ki sani. Ina jin yarinyar nan ni ce."

Ta ci gaba da goge gilashin. Ta ɗaga shi ta duba a hasken taga, ta sa a fuskarta, sannan ta kalle ni.

"Na sani, 'yata. Ni na tare gwaggonki a layin."

Fanka tana ta ƙararta. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce in kwantar da hankalina, zuwanta na farko na gaskiya ne, barcin ne ya kawo ta, kuma na yi mata amfani. Daga baya ne, tana zaune tana kallon yadda take faɗin abubuwan da ko 'yar uwarta ba ta gaya wa ba, fuskata kuma ba ta sauyawa, sai ta ce a ranta ga wadda za ta iya da shi. Ta bi ta gano gidanmu, ta gano asibitin da Gwaggo ke zuwa. Ta ce kuma ba ta cuce ni ba, don babu aibinsa da ta ɓoye min. Waɗancan biyun a makance suka shiga. Ni kuwa an karanta min shi tun daga farko har ƙarshe.

"Ke kika ce min a ɗakin nan ana karɓar mutum yadda ya zo, ba sharaɗi. Duk rayuwarsa bai taɓa samun haka ba, har a wurina. Na ce bari in ga ko za a karɓi nawa."

Ta faɗe shi a natse, kamar tana bayani a taron iyayen yara. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na fahimce ta sarai.

Na ce mata raina ya ɓaci, kuma ba zan yi kamar bai ɓaci ba. Na ce ta zo da ciwo na karɓe ta, ita kuma ta mayar da kujerar nan wurin duba amarya. Ta sunkuyar da kai kaɗan, ba ta musa ba.

"Abin da nake yi a nan aiki ne, Hajiya. Ina iya karɓarki ba sharaɗi saboda idan lokaci ya cika kina tafiya gidanki, ina tafiya nawa. Ba na jiran komai daga gare ki. Miji kuwa ina jiran abubuwa daga gare shi. Na farko, in san da wa nake magana."

Ta ce ai shi ya sa ta zaɓe ni, ni ce zan taimaka masa ya sani. Na ce ɗanta mai saurare yake buƙata, kuma akwai su, zan ba ta lambar wani abokin aikina, ita ma can za ta koma don ni da ita mun gama a ɗakin nan. Amma ba a auren mutum don a yi jinyarsa. A nan ne fuskarta ta ɗan motsa, ta miƙa hannu ta zari tishu, ta riƙe shi kawai ba ta yi komai da shi ba.

Saura tambaya ɗaya.

"Ya sani?"

Ta ɗago da sauri. Ta rantse bai sani ba. Bai san tana zuwa nan ba, bai san ta san ni ba. Duk ranar zuwanta ce masa take za ta gidan ƙawarta, ta hau tasi. Shi a saninsa wata tsohuwa ce ta haɗa shi da Gwaggo. Tambayar kuwa a bakinta ya ji ta, ranar da ya fita ya bar abinci, ba ta taɓa gaya masa inda ta samo ta ba.

Zan gaya muku gaskiya, na ji sauƙi. Idan haka ne, ba satar tambayar ya yi don ya kama ni da ita ba. An yi masa ita, ta taɓa shi, ya adana ta, ranar da ya ga ina cikin damuwa ya miƙo min abu mafi kyau da aka taɓa ba shi. Na so in yarda da wannan. A lokacin ne na gane ashe ina sonsa, ko ina son wanda yake zama idan yana gabana, ban san wanne ba.

Wayata tana kife a kan ƙaramin teburin. Ta yi motsi. Ba na duba waya a lokacin aiki, amma aikin ya riga ya ƙare. Na juya ta.

Shi ne.

"Ina ƙasa, gaban kantin magani. Idan Mama ta gama, ki ce ta sauko a hankali, matakalar da ke kwana tana rawa. Ke kuma ina so mu yi magana. Wannan karon ban shirya abin da zan ce ba."

Na karanta sau biyu. Mutumin da ya ce bai san inda ofishina yake ba. Matakalar nan ba a ganinta daga titi, ba a ganinta daga kantin. Sai wanda ya taka ta.

Na miƙa wa Hajiya wayar. Ina kallon fuskarta tana karantawa, kuma karanta fuska shi ne abin da na fi iyawa. Tishun ya faɗi daga hannunta. Ba wasa take ba. Ita ma yanzu take sani.

"Yaushe ya hawo nan?" ta ce, ba ni take tambaya ba.

Na leƙa ta taga. Yana tsaye a jikin motarsa cikin wata tsohuwar riga da ban taɓa gani ba, ba guga, ba agogo, tabaraun a hannunsa. Ko wannan shi ne na gaskiyar, ko kuwa sabon gilashi ne aka ɗora min don in ce yawwa, daga sama ba a ganewa.

Wani saƙon ya shigo. "In hawo?"

Na rubuta masa: "Kada ka hawo. A nan sama ba na sa wa mutum sharaɗi. Jira ni a ƙasa."

Na tura wa Hajiya kwalin tishun kusa da ita, na ɗauki mayafina, na buɗe ƙofa.